Ganyen da ke bayan Oba: littafin aikin digirina na uku

9 ga Janairu, 2024

Malam ne ya sa ni buɗe wannan littafi. Ya ce in riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya gagare ni, ranar da na zauna rubuta babin hanyoyin gudanar da bincike zan gode masa. Wata biyar ke nan da na yi rajistar digiri na uku a fannin tarihin fasaha, har yau ba ni da taken kundi. Abin da na kai masa yau shafi 14 ne a kan fasahar tsohuwar masarautar Benin ta ƙasar Edo da rigimar maido da kayanta daga Turai. Ya karanta shafi biyu, ya kife takardun a kan tebur.

"Wannan ai ba kundi ba ne, ɗakin karatu ne guda. Shekara nawa kake son yi tare da mu?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, uku."

"To zaɓi abu ɗaya wanda za ka iya ɗauka ka juya bayansa. Maganar maidowa ta tsaya a gabatarwa."

Raina bai so ba, don maganar maidowar ce ta jawo ni fannin tun farko. Ina biye da labari lokacin da Kwalejin Jesus ta Jami'ar Kambirij ta miƙa wa Najeriya wani zakaran tagulla na Benin a Oktoban 2021, Jami'ar Aberdeen ta bi sahu da kan tagulla na wani Oba, wato sarkin Benin, sannan Jamus ta kawo kashin farko na kayan da ke hannunta a Disamban 2022. Amma da na sake karanta shafukan nawa da dare, ban ga wuri ɗaya da na tsaya na siffanta wani kaya ba. Ra'ayi ne kawai da tarihin siyasa. Na zaɓi allunan tagulla na fadar Oba.

17 ga Janairu

Makon karatu zalla. Allunan sun kai wajen 900, a warwatse cikin gidajen tarihi da hannun masu tara kaya. Galibin masana suna jingina su ga ƙarni na 16, zamanin Oba Esigie da ɗansa Orhogbua. Ƙungiyar maƙeran fada da ake kira Igun Eronmwon ce ta zuba su, da dabarar kakin zuma: a ƙera siffa da kaki a kan yumɓu, a lulluɓe ta da wani yumɓun, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe ya maye gurbinsa, in ya huce a fasa mazubin. Tunda sai an fasa ake fitar da aikin, kowane allo tilo ne. Ko guda biyu sun yi kama kamar an tsaga kara, kowanne da hannu aka ƙera kakinsa daban. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan, ban san abin da zan yi da shi ba tukuna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda tsarin jera su ya ɓace. A 1668 wani marubucin ƙasar Holan, Olfert Dapper, wanda bai taɓa taka Afirka ba, daga bakin 'yan kasuwa ya ji, ya rubuta cewa ginshiƙan katako na fadar a lulluɓe suke daga sama har ƙasa da zubabben ƙarfe mai hotunan yaƙe-yaƙe. Da sojojin Birtaniya ƙarƙashin Harry Rawson suka ci birnin a Fabrairun 1897, suka kwashe fadar, daga baya aka kai Oba Ovonramwen Kalaba, ba a kan ginshiƙai suka tarar da allunan ba. A jibge suke cikin wani ɗaki, ƙura ta rufe su. Wato an sauke su tun da daɗewa, sannan ganima ta zo ta raba ɗan tsarin da ya rage. Littafi ne mai shafi 900 marar lamba da aka kwance ɗinkinsa aka watsa duniya.

24 ga Janairu

Na shiga ajin Jamusanci, sau biyu a mako. Babu makawa: babban aikin Felix von Luschan, wanda ya tara wa gidan tarihin Barlin kayan Benin sama da 500, da Jamusanci ya fito a 1919, juzu'i uku. Awa biyu na yi a kan shafi ɗaya. Von Luschan ne mai cewa ko Cellini, shahararren maƙerin Italiya, ba zai zuba abin da ya fi waɗannan ba. Yabo ne, amma da mudun wani aka auna.

2 ga Fabrairu

Yau na sha kunyar da ba zan manta ba, gara in rubuta ta dalla-dalla.

Kwana huɗu da suka wuce ina duba hotuna sai na lura allunan iri biyu ne. Akwai masu faɗi, gefensu na dama da na hagu a lanƙwashe zuwa baya kamar leɓen tire. Akwai sirara waɗanda ba su da wannan leɓe. Nan take abin ya faɗo mini: ginshiƙin mai kusurwa huɗu ne, mai faɗin yana zama a fuska, leɓensa ya rungumi kusurwa, siririn kuma ya cike gefe. In haka ne, ta awo kaɗai za a iya fara mayar da shafukan littafin nan wurinsu. Daren nan ban runtsa ba. Na zana ginshiƙi a takarda, na yanka hotuna na manna, har taken kundi na raɗa.

Da safe na tare Malam kafin ya shiga aji, ina bayani numfashina na sarƙewa. Ya bar ni na gama tsaf. Sai ya juya ya zaro wani littafi daga kanta ya ɗora mini a hannu. Na Kathryn Gunsch ne, na 2018, a kan allunan nan, kuma daga kundin digirinta na uku ya samo asali. Leɓen, da faɗin, da yadda suke zagaye ginshiƙi, duk suna ciki, har da abin da ban kai gare shi ba: cewa da yawansu bibbiyu aka yi su, kowanne da abokinsa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Laifina ne ba na kowa ba. Na fara bitar ayyukan da suka gabata daga tsofaffi ina gangarowa, ina ganin haka ne ladabin ilimi, ga shi wata biyar ban iso shekarun 2000 ba. Da na fara daga na bayan nan na bi manazartarsu ina komawa baya, da rana ɗaya ta ishe ni in san wannan.

Malam ya ce, "Kada ka ɓata rai. Idonka ya kai inda idon mai shekaru a kan aikin ya kai, ke nan idon yana aiki. Karanta ta sau biyu. Karo na farko don ka ga abin da ta yi, na biyu don ka ga abin da ta bari."

Wani abu da maganar bibbiyun ta sauya mini: tsakanin 1950 da 1972 gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya sayar da kayan Benin sama da 30, wasu bisa hujjar cewa maimaici ne na waɗanda yake da su. In dai tagwaye aka yi su da gangan, to ba maimaici aka fitar ba, abokan zama aka raba.

9 ga Fabrairu

Karatu na farko ya ƙare. Na juya tsarin bitar, yanzu daga 2023 nake komawa baya.

16 ga Fabrairu

Ina jin na samu bakin zaren, amma wannan karon sai da na yi kwana uku ina bincike ko an riga ni kafin in buɗe baki.

A ƙarni na 19 akwai wani ɗan Italiya, Giovanni Morelli, likitanci ya karanta kafin ya koma nazarin zane. Ya ce in kana son gane hannun mai zane, kada ka dubi fuska ko inda ya zuba basirarsa, don nan ne almajirai da masu jabu suke kwaikwayo. Dubi kunne, dubi farce, wuraren da hannu yake yi da kansa hankali na wani wuri. William Fagg, masanin fasahar Afirka ɗan Birtaniya, ya gwada irin wannan rabon a kan allunan Benin, ya ware wasu ya ba masu su laƙabi, kamar Gwanin Farautar Damisa, da gwanin da ke cike bayan allonsa da gicciye cikin da'ira.

To ina kunnen allon Benin? Kowa idonsa na kan Oba da murjaninsa, da masu riƙe takobin eben, da damisa da kifin tarwaɗa, da Turawan Fotugal masu dogon gashi da gemu waɗanda suka fara zuwa masarautar wajen 1485. Amma bayan waɗannan duka, a filin allon, akwai wani ganye mai kunne huɗu da ake maimaitawa, mutanen Edo suna ce masa ebe-amen, ganyen rafi, ana danganta shi da Olokun, abin bautarsu na teku. Tsakanin ganyayen kuma an cike da ɗige-ɗige. Allo ɗaya zai iya ɗaukar ganye da dama da ɗigo ɗaruruwa. Aikin da ake yi sau ɗari ba a tsayawa tunani a kansa. In akwai inda hannun maƙeri zai tona kansa, nan ne.

Malam ya saurara, ya ce, "Wannan ana iya juya bayansa. Je ka gwada."

28 ga Fabrairu

Kwana goma sha biyu a gaban kwamfuta. Rumbun intanet na Digital Benin da aka buɗe a Nuwamban 2022 ya tattara bayanan kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, abin da a da sai mutum ya yi shekaru yana rubuta wasiƙu. Na tsamo alluna 340 waɗanda bayansu ya fito a hoto. Kowanne na ba shi layi a jadawali: inda yake, lambarsa, tsawo da faɗi, akwai leɓe ko babu, siffar ganye, layi nawa ya zagaye kunnen ganyen, ɗigon a cunkushe yake ko a warwatse. Ganyen kowane allo sai na zana shi da fensir a kati, don na lura abin da hannuna bai bi ba idona tsallake shi yake yi.

Katunan sun rabu gida biyar. Ina kallonsu a shimfiɗe ina jin kamar na ga mutum biyar zaune suna aiki.

7 ga Maris

Na kare tsarin bincike a gaban sashe. Minti ashirin na bayani, kusan awa guda na tambayoyi.

Wani malami ya ce me ya sa ba zan bar kimiyya ta raba gardama ba, a gwada ƙarfen kawai. Wannan na shirya masa. Abin da ake kira tagullar Benin galibi haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, da ɗan dalma a ciki. Binciken da Tobias Skowronek da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya gwada mundaye 67, mafi yawa daga jiragen ruwan da suka nutse, irin mundayen da 'yan Fotugal suke ciniki da su, ya nuna ƙarfensu daga yankin kogin Rhine na Jamus ya fito, kuma ya dace da na kayan Benin. Wannan ya faɗa mana inda ƙarfe ya fito. Bai faɗa mana wanda ya riƙe kaki ba. Maƙera goma za su iya ɗiba daga tukunya ɗaya.

Wani ya kawo Panofsky, masanin tarihin fasaha, da matakansa uku na fassara aikin fasaha na 1939: abin da ido ya gani, labarin da siffar ke ɗauke da shi, sannan tunanin zamanin da ya haife ta. Ya ce na maƙale a mataki na farko, ina ƙirga ɗigo na bar ma'ana. Na amsa cewa ma'anar ganyen an yi rubutu a kanta, yadda aka yi shi ne ba a bi ba. Ban gamsar da shi ba, ni ma amsar ba ta cika mini ciki ba.

Sai Farfesa, wadda ta fi kowa shekaru a sashen, ba ta ce uffan ba tun farko, ta ɗago.

"Ɗana, cikin 340 ɗin nan, nawa ka gani ido da ido, ba gilashi tsakaninku?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ko ɗaya."

"To ba alluna ka raba gida biyar ba, hotuna ka raba."

An amince da tsarin bisa sharaɗin gyara, kuma babban gyaran shi ne in shigar da ziyarar ma'ajiyar gidajen tarihi cikin shekarar farko.

13 ga Maris

Wasiƙu shida zuwa gidajen tarihi shida, kowace da takardar Malam da jerin lambobin allunan da nake son gani. Na zauna da lissafin tallafin binciken da aka ba ni na bana. Tafiya ɗaya, da biza da tikiti da masaukin kwana biyar, za ta cinye kashi biyu cikin uku. Ajin Jamusanci ya riga ya ci rabin abin da ya saura. Na sayi madubin ƙara girma, ƙaramar tocila mai kaifin haske da ma'aunin kauri. Sabuwar kyamara kuwa sai wata shekarar.

26 ga Maris

Maganar Farfesa ta tabbata tun ban je ko'ina ba.

Ina cike gurbin tarihin mallaka a jadawali, wato hannun da kowane allo ya bi daga 1897 zuwa yau, sai na ga layi na 88 da na 203 duk sun bi ta hannun dillali ɗaya a shekara ɗaya, tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. Na ce tagwaye ne, har na fara murna. Da na jera hotunan sai ga kusurwar sama a karye wuri ɗaya, karaya iri ɗaya. Tagwaye ba sa karyewa iri ɗaya. Allo ɗaya ne na shigar sau biyu: sau ɗaya daga tsohon hoto marar launi na wani kundin baje koli da tsohuwar lamba, sau ɗaya daga sabon hoto bayan ya sauya gida.

Shigarwa sau biyu ba ita ce masifar ba. Masifar ita ce na sa na 88 a gida na biyu, na 203 a gida na huɗu. Allo ɗaya, na ba shi maƙera biyu. A tsohon hoton haske ta gefe ya zo, layukan ganyen suka yi zurfi, ɗigon ya fito baƙi a cunkushe. A sabon an haska shi ta gaba, komai ya baje, rabin ɗigon ya ɓace. Ashe wani ɓangare na abin da na ɗauka hannun maƙeri ne, hannun mai ɗaukar hoto ne.

Na bi sauran da wannan idon, na sami ƙarin maimaici uku, da hoto ɗaya da aka buga a juye, dama ta koma hagu. Saura 336. Na ƙara gurbi biyu a jadawali: shekarar hoto, da ta inda haske ya zo. Katunan na tattara na ɗaure da roba, ban da ƙarfin halin kallonsu yau.

4 ga Afrilu

Amsa uku. Ɗaya sun ce ma'ajiyarsu a rufe take ana ƙaura da kaya. Ɗaya sun ce in nemi lokaci bayan wata takwas. Na uku sun ba ni kwana uku, alluna 12, awa huɗu kowace rana. Na karɓa hannu bibbiyu. Sauran ukun shiru.

16 ga Afrilu

Ranar farko a ma'ajiya. Fensir kawai aka yarda in shiga da shi, ban da biro. Safar hannu ta roba, tebur mai shimfiɗar soso, kuma ba ni ke ɗagawa ba, ma'aikacin wurin ne yake ɗaukowa ya juya mini.

Gani ya kori ji. Allon farko tsawonsa bai kai rabin mita ba, amma da aka ajiye shi sai da na ji nauyinsa a jikin teburin. A hoto mutanen kamar a manne suke, a zahiri kawunansu sun taso sosai har inuwa suke yi. Ga hujin ƙusa a sama da ƙasa, wani ya ratsa ta tsakiyar ganye ba ruwansa da ado, wanda ya nuna mai kafawa daban yake da mai ƙerawa, ko aƙalla damuwarsu daban. Da aka kifa shi na ga bayan da ban taɓa gani a littafi ba: ramuka daidai inda mutanen suka kumbura a gaba, da lambobi kala-kala da fenti da tawada, kowace shaidar wani hannu da ya bi.

Na ɓata awa ɗaya da rabi a kansa, alhali minti sittin na ware wa kowanne. Uku kawai na gama. Na roƙi a kashe fitilar sama, na kwantar da hasken tocila a gefe, na ɗauki kowane ganye sau huɗu, haske daga kowace kusurwa, da ma'auni a cikin hoton.

17 ga Afrilu

Allo na bakwai. Mutum uku ne a jikinsa, na tsakiya ya fi girma. A jadawalina yana gida na biyu. Na fara daga dama kamar kullum: ganye siriri, mai tsini, layin da ya zagaye shi an ja shi a tafi ɗaya ba tsayawa, ɗigo a jere kamar an shuka. Gida na biyu sak. Na zagaya hagu da madubi, sai na ga ganyen ya yi ƙiba, bakinsa a dunƙule, layin an ja an tsaya an sake ɗorawa har wurin haɗin yana nunawa, ɗigon kuma barkatai, wani kan wani. Wannan gida na huɗu ne. Yau babu mai hoton da zan ɗora wa laifi, tocila ɗaya ce a hannuna, ƙarfe ɗaya ne a gabana.

Na kira mai kula da kayan na ce ta duba, ban gaya mata abin da nake nema ba. Ta daɗe da madubin, ta ce na hagun kamar ba su kai na daman nutsuwa ba. Na koma kan shidan da na riga na gama, na ci lokacin na takwas. Biyu daga cikinsu akwai irin wannan bambanci, bai kai na bakwai fitowa ba.

Na rubuta duk bayanin da zai iya zama, don kada in sake rufe ido a kan wanda na fi so. Ko mutum biyu ne suka yi bayan allon, kowa da gefensa. Ko mutum ɗaya ne, amma gefe ɗaya ya zo masa a hannun da bai saba ba saboda siffofin da suka taso sun tare shi. Ko an yi gefe ɗaya kaki na da taushi, ɗayan bayan ya daskare. Akwai kuma tambayar da ta riga waɗannan: ɗigon nan a kan kaki aka yi shi kafin zubi, ko bayan zubi aka buga wasu a kan ƙarfe? A wasu wuraren bakin ɗigon a mulmule yake kamar abin da aka danna cikin taushi, a wasu yana da kaifi.

Ko wanne ne gaskiya, maƙerana biyar sun watse.

18 ga Afrilu

Na gama goma cikin 12. Na tambayi kuɗin izinin buga hotunansu na hukuma. Na guda goma ya kai abin da na biya ajin Jamusanci na zango guda. Nawa hotunan an yarda in sa a kundi, ban da bugawa a mujalla sai da sabon izini.

25 ga Afrilu

Na shiga wurin Malam da niyyar cewa a sauya take. Na baje hotunan allo na bakwai, dama da hagu, na ce ra'in ya rushe.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa ya gaya maka mutum ɗaya ne yake yin allo?"

Na buɗe baki na rufe. Babu wanda ya gaya mini. Na shigo da shi ne daga littattafan da aka rene mu da su. Tun da Vasari ya rubuta tarihin masu zanen Italiya a 1550, fannin nan ya saba ba da labari ta hanyar gwani ɗaya da sunansa da almajiransa a inuwa, har inda babu suna sai an ƙirƙiro laƙabi a rataya wa wani. Alhali na sani tun Janairu cewa Igun Eronmwon ƙungiya ce ta gado, mai shugabanni da muƙamai, tana aiki da umarnin Oba. Na rubuta hakan da hannuna, na wuce, na tafi neman gwanaye biyar. Kuma ko a Italiyar ma, bango da tufafi sau da yawa yaran shago ne suke cikewa.

Malam ya ce, "Dabarar Morelli ba ta ƙi aiki ba. Ta nuna maka hannu, kai ne ka yanke cewa na maigida ne. In ganyen na masu taimako ne, to ka samu hanyar ganin mutanen da ba wanda ya taɓa ƙirgawa. In hannun hagun nan ya sake fitowa a wani allo tare da wani hannun daman daban, me ke nan?"

Na ce, "Ke nan allunan biyu a wuri ɗaya aka yi su, a lokaci ɗaya ko kusa."

"To ka ga abin da awon leɓe kaɗai ba zai ba ka ba. Amma kada ka rubuta mini 'mutum biyu' sai ka kashe sauran bayanan da ka lissafa. Alluna goma ba hujja ba ce."

Na tuna mai tambayar Panofsky. Yadda aka raba aiki a fada, wa ke ƙera fuskar Oba, wa aka bar wa ganye, ai wannan ma tunanin zamani ne. Ta ƙirgar ɗigon zan isa matakinsa na uku, in na isa.

7 ga Mayu

Sabon taken wucin gadi yana magana ne a kan rabon aiki a tsakanin maƙeran allunan, ba a kan gwanaye ba. Na sake rubuta farfajiyar bincike: alluna masu ganye kawai, kuma hujja sai daga waɗanda na gani da idona, sauran hotunan su zama manuniya.

Abu biyu ke gabana kafin ƙarshen zango. Na farko, zama da maƙeran titin Igun a birnin Benin, waɗanda har yau da kakin zuma suke zubi. Ina son in ga wa ke yin bayan aiki, da wane ƙarfe ko tsinke, kuma in roƙi wani ya yi mini ganye a kaki mai taushi da mai tauri, da hannun dama da inda siffa ta tare shi, a zuba in gwada da hotunana. Malam ya gargaɗe ni kada in mayar da 2024 ƙarni na 16: tsakaninsu akwai 1897, akwai farfaɗowar sana'ar bayan Oba Eweka na Biyu ya hau gadon sarauta a 1914, akwai kasuwar baƙi. Wannan tafiya tana buƙatar izinin kwamitin ɗa'ar bincike da tafinta mai jin harshen Edo, na cike takardun jiya. Na biyu, neman ƙarin tallafi don ziyarar ma'ajiya ta gaba, tunda abin da ya rage a hannuna ba zai kai ni ko'ina ba. Gidan da suka ce bayan wata takwas na amsa musu na karɓi Disamba.

Jadawalin kuma dole a sake shi daga tushe, kowane allo layi biyu, dama daban, hagu daban. Na kwance robar katunan da yamma. Yawancinsu ban rubuta daga wane gefe na zana ganyen ba, don haka ba su da amfani. Na yi 9 daga cikin 336.